Ranar da Baba ya sayo mana lido

Ina da shekara tara ranar da Baba ya riƙe hannuna muka bar Zongo zuwa kasuwar Hédzranawoé bayan azahar. Da safen ya dawo daga asibiti, bai gaya wa kowa abin da likita ya ce ba.

Muka tsaya gaban wata mata mai sayar da kayan wasa. Ta miƙo kati, ya ce Kaka ba za ta taɓa ba, a wurinta caca ce. Ta ɗauko wani mai haruffan Faransanci, ya ce Inna ba ta yi boko ba, ƙanwata Ladi kuwa shekararta huɗu.

"Madam, ba ni wanda yaro da tsohuwa za su iya yi tare."

Ta fito da lido. Baba ya ɗora yatsa a kan gidajen: ja na Kaka, kore na Inna, shuɗi nawa, ruwan ɗorawa na Ladi.

Na ce, "Baba, ai mu biyar ne."

Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce, "Huɗu ya isa. Ke za ki koya musu."

Na rungume kwalin ina tsalle, an ba ni girma. A hanya sau uku yana tsayawa ya huta, ni kuwa ina jan rigarsa ya yi sauri.

Bai kai azumin shekarar ba. Yanzu shekaruna sun wuce nasa, amma har yau ban yafe wa kaina jan rigar nan ba.