Firam Ɗin Bilyana

Ɗan ƙaramin jirgin ya sake dukan na ƙarshe cikin zobban da ake ratsawa a tsere, ya faɗo kan katakon ɗakin wasannin makarantar, hannunsa ɗaya ya ɓalle. Kamen ya zare tabaran tuƙi daga fuskarsa yana girgiza kai.

"Rawa yake yi, Bili. Da na ba shi wuta sai hoton ya kama kakkarwa, ba na ganin komai."

Bilyana ta tsugunna ta tsince gutsattsarin. Ita ce mai zane, mijinta Kamen shi ne matuƙi. Haka suke tun kafuwar ƙungiyar tseren ƙananan jirage a garin Gabrovo, jiragen da ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda ake tsere da su a cikin ɗaki in ƙanƙara ta rufe waje. Matuƙi na zaune ne a kujera da tabarau a fuska, yana ganin abin da kamarar jirgin ke gani. Ita kuwa da ta sa tabaran nan sai jiri ya kwashe ta, har da amai. Don haka abin da Kamen ya ce ya gani, shi take aiki da shi.

'Yan ƙungiya ba sa barinsa ya sha ruwa. "Ga yatsun Bili nan sun iso!" Wai shi yatsu ne kawai, basirar duk ta matarsa ce. Shi ma ya yi ta dariya, har ya fi su.

Wannan firam ɗin kuwa ta zuba masa ranta. Firam shi ne ƙashin jirgi, robar da ke riƙe injina da kamara da batir. Ta siranta hannuwansa, ta fafe cikinsa, ta lanƙwasa zobban farfela ta yadda ba wanda ya taɓa yi, in ka ɗauka kamar ba ka riƙe komai ba. Wani kamfani a birnin Sofiya ya ce zai turo wakiliya ranar gasar ƙarshen hunturu. Firam ɗin da ya burge ta shi za su ƙera, da sunan mai zanen a jiki. Sunan nan Bilyana take so, ba ta kuwa ɓoye wa kowa ba.

Amma fa abu na rawa. Ta ƙara kauri, Kamen ya ce da dama-dama. Ta sake ƙarawa, ya ce yauwa. Kafin ranar gasa firam ya yi nauyi kamar bulo. Zanen farko kuwa, Kamen ya ce ta kawo ya goge mata shi daga kwamfuta, ta daina kallonsa tana ɓata rai.

Ranar gasa tun zagayen farko aka fitar da su, jirgin na jan jiki kamar ya ci ya ƙoshi. Sai ga Svilen, wani sarkin surutu da suke amfani da injin ƙungiya mai fitar da firam daga roba tare, ya ajiye nasa jirgin a bakin layi. Bilyana ta kalla, ta sake kalla. Siraran hannuwa. Fafaffen ciki. Har lanƙwasar zobbanta.

"Ɓarawo!" ta ce, ta sha gabansa. "A injin ƙungiya ka kwashe zanena, ko?"

"Haba Bili, ni da ko ƙwai ban iya zanawa ba? Ba ni aka yi in tuƙa. Mai shi ya ce kar in faɗi sunansa."

"Maƙaryacin banza!"

Kamen ya dafa kafaɗarta. "Rabu da shi, kin san abin da zai same shi a zoben ƙarshe. Zauna in samo miki shayi da banitsa, burodin nan mai cuku, tun safe ba ki sa komai a ciki ba."

Ya fita ya bar tabaransa kan kujera. Zuciyarta na tafasa, so take ta ga ɓarawon nan ya daki bango da idonta. Hoton irin waɗannan jiragen ba shi da makulli, duk wanda ya murɗo tashar zai gani. Ta murɗo ta Svilen, ta sa tabaran.

Jiri ya taso, ta riƙe kujera gam. Zobba na wucewa fiu, fiu. Hoton kuwa luf, kamar ruwa a randa. Ko ɗigon rawa babu. Svilen ya ci, ɗaki ya kaure da ihu. Ƙila ya gyara wani abu ne, ta ce wa kanta. Amma hankalinta ya tashi.

Dokar farko a ƙungiyar ita ce da ka sauka ka cire batir. Svilen, murna ta ɗauke masa hankali, bai cire ba. Hoton ya ci gaba da zuwa, babu sauti: rufin ɗaki, yatsun Svilen, dogon baranda, sannan ɗakin canza kaya. Ya ajiye jirgin kan benci, kamara na kallon ƙofa.

Ga wakiliyar kamfani ta ba da baya, tana girgiza hannun wani mutum, Svilen na nuna shi yana tafi, alamar ga mai zanen nan. To, yau zan ga ɓarawona, in ji Bilyana a ranta.

Matar ta matsa gefe. Kamen ne, baki har kunne, da kofin shayinta a hannun hagu yana tururi.