Manomin Albasa da Ledar Wankin Ciki

Tunda na ga zama ya ishe ka, bari in ba ka misali. An yi wani manomin albasa a bakin fadama, mutum ne da ko tuwo a tsaye yake ci. Da ƙodarsa ta gaza, likitoci suka dasa masa siririyar roba a ciki. Sau huɗu a yini za a ɗura masa ruwan magani daga leda, ya jima a cikin, sannan a sauke shi ya fito da dattin jini da rarar ruwan jiki. Ledar iri biyu ce: akwai mai sauƙin sukari ta kullum, akwai mai ƙarfi wadda ke zuƙo ruwa da yawa, ita kuwa sai da izinin asibiti. Aka gargaɗe shi da ya rage gishiri, ya riƙa hawa sikeli, ya auna jininsa kowace safiya. Ya ce to, amma idonsa na kan ƙofa. A wajen wani suna ya samu kilishi ya ci har ya ƙoshi, ƙishirwa ta taso, ya bi ta da ruwa kofi bayan kofi. Kafin mako ya zagayo ƙafafunsa sun kumbura sun ƙi shiga takalmi, jini ya hau, numfashi ya yi nauyi. Ga albasa ta nuna, ga gajimare ya fara taruwa a gabas. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa sama, ya dawo. Zuwa asibiti yini guda ne cur, shi kuwa a ganinsa ba shi da yinin bayarwa.

Sai ya jawo ledoji masu ƙarfin nan da aka ba shi ya ajiye, ba tare da ya nemi izini ba, ya shiga ɗura su safe da rana da yamma, kwana uku a jere, yana kuma shan maganin hawan jininsa yadda ya saba. Kumburi ya sace, takalmi ya shiga, ya yi dariya. Matarsa ta kawo masa abin awon jini ta ce, "Malam, leɓenka ya bushe, ka dai auna." Ya ture hannunta ya saɓa fartanya. Bai san ruwan da ya tatse har da wanda ke tafiyar da jini a jijiyoyinsa ba ne. A gona ya sunkuya ya tumɓuke albasa kunya ɗaya, yana ɗagowa sai kunnuwansa suka ɗauki ƙara, sha-raɓarsa ta ɗaure, zuciya na bugawa da sauri amma jinin bai kai kansa ba. Rana ta koma baƙa a idonsa, ya kifa cikin kwatar ban ruwa. Maƙwabtan gona suka ɗauke shi a amalanke. A asibiti aka tarar jininsa ya faɗi ƙasa ƙwarai, aka riƙa mayar masa da ruwa ɗigo-ɗigo har kwana tara. A rana ta shida ya ji ruwan farko na damina yana dukan kwanon rufi. Ya yunƙura zai tashi, jiri ya mayar da shi, ya kwanta yana sauraron ruwan da ya san yana jiƙa albasarsa tana ruɓewa a ƙasa.

Yini ɗaya ya hana asibiti, ya biya da kwana tara da noman rani guda. Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, sauri ya haifi nawa.