Ina Hoton Inna?

Tun shekarar da aka hana fensir a firamare, allon gilashi mai aiki da kwamfuta ke taya yara zane, yana gyara musu duk abin da suka zana.

Ranar baje kolin zane, Kuluwa ta rufe shagon ɗinkinta ta nufi makarantar 'yarta Ramlatu, don an sa kowane ɗalibi ya zana mahaifiyarsa. Ta bi bangon ajin da aka jera hotunan har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Duk fuskokin sumul suke, murmushinsu iri ɗaya.

"Ramlatu, ina nawa?"

Yarinyar ta nuna wani hoto, sai kuma ta sauya, ta nuna na kusa da shi.

"Inna, na sa miki wushiryarki da tabon goshinki. Ina sawa, allon yana gogewa."

Malamin ajin ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ai ta cinye makin duka."

Hankalin Kuluwa bai kwanta ba. A hanya ta roƙi gawayi wurin mai gasa masara. Suna isa gida ta miƙa wa 'yar, ta nuna mata bangon tsakar gida.

Ramlatu ta ja layi, ya karkace. Ta tsaya tana jira.

"Inna, bangon nan ba ya gyarawa."

Kuluwa ta zauna a gabanta.

"Ci gaba a haka, uwata. Dube ni da kyau."