Malamin Tuƙin Auta

Motar ta sake mutuwa a tsakiyar kwana. Jami'in gwajin tuƙi ya rufe bironsa, ya ce, "Malama, sai wani jiƙon."

Auta ta dawo gida ta zauna a matattakalar bene tana kuka, irin kukan nan da har majina ke sa baki. Kamfanin da take wa aiki ya rufe. Wata makarantar ƙananan yara tana neman mace ta tuƙa motar ɗaukar ɗalibai, shugabar kuma ta yi alkawarin riƙe mata gurbin zuwa a dawo hutu. Lasisi kawai ya rage, lasisin kuwa ya ce bai san zancen ba.

Mijinta ya gwada koya mata. Mutumin kirki ne, amma da ya zauna kusa da ita sai ya koma zaki. "Birki! Birki na ce!" Ranar ƙarshe a ƙasa ya dawo gida, ya bar mata makullin tsohuwar motarsa a kan tebur.

A nan matattakalar sabon maƙwabcinsu ya same ta, wani tsoho da yaran gidan suka sa wa suna Baba Mai Hula. Ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar nan, shekarun da na yi a cikin mota sun fi shekarunki a duniya. Na ga direbobin da ba su kai ki ba, suna nan suna ciyar da iyali. Share hancinki, gobe mu fita."

Da safe ya zo fes da shi. Ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya, ya rufe, ya zagayo ya shiga gaba. Ya miƙa hannu ta taga ya bubbuga jikin motar. "Mu je!"

Motar ta yi tsalle kamar akuya ta ga wuƙa, ta mutu. Auta ta runtse ido tana jiran faɗa.

"Madalla," in ji Baba. "Ai ta motsa."

Haka suka yi ta yi. Ta hau kan dakalin wani mai shago, ya ce dama dakalin ya shigo titi da yawa. Ta ture kwandon shara, ya ce an daɗe ba a kwashe shi ba. In ta tambaye shi giya ta nawa za ta sa, sai ya gyara hula ya ce, "Me motar ta ce miki?" Dole ta koyi kasa kunne, har ta fara gane kukan inji in yana neman canji. Da ta roƙe shi ya karɓa ya nuna mata sau ɗaya, cewa ya yi mutumin kirki ba ya taɓa sitiyarin wani.

Wurin ribas kuwa ba shi da na biyu. Fita yake ya tsaya a baya, hannu a kan but ɗin motar. "Zo, zo, zo. Karya dama. Zo. Tsaya!" Ya ɗaka wa motar duka. Ko kafar allura ce sai ya shigar da ita.

Ta koma gwaji, ta sake faɗuwa, wannan karon a kan gangara. Hutu ya kusa ƙarewa. Shugabar makaranta ta bugo waya, ta ce akwai wani da ke nema, kuma shi da lasisinsa a aljihu. Auta ta ce ta haƙura, tuƙi ba rabonta ba ne.

"Wancan karon a ina kika faɗi?" in ji Baba.

"A kwanar farko."

"Yanzu fa?"

"A gangarar ƙarshe."

"To saura me? Titin ya ƙare, ba sauran wurin faɗuwa."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Suka koma gangarar bayan kasuwa, suna hawa, motar na silalowa baya, masu kayan miya na janye tirensu suna salati. Baba yana zaune kamar a falonsa, leɓɓansa kawai ke motsi. Auta ta ce a ranta, wanda ya san mota ciki da bai bai ji tsoro ba, ni a kan me zan ji?

Ranar gwajin ƙarshe, ta iso gangarar. Ta saurari injin, ta saki kuloci a hankali. Motar ta haye sumul. Jami'in ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Wa ya koya miki?"

"Wani tsohon direba," in ji ta.

Ta samu aikin. Da yamma ta zo da motar makarantar har ƙofar gida, rawaya, doguwa, tana ta ƙyalli. Yara suka kewaye ta. Baba ya sauko, matarsa Iya na biye da shi tana goge hannu da zani. Auta ta durƙusa, ta miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Baba, yau kam ba zancen sitiyarin wani. Kai za ka fara zagayawa da mu, ka sa mata albarka."

Baba ya dubi makullin, ya dubi sama, ya hau gyaran hular da ba ta karkace ba. Iya ta fizge makullin ta mayar wa Auta.

"Ke, rufa mana asiri, akwai yara a titi. Wannan tsohon kwandasta ne, ko keke bai iya ba."