Saƙon da Ta Kasa Buɗewa

"Injiniya, kashe sabar ki kunna, mu toshe ɓarakar nan," in ji oganta.

Ta san manhajar kamfaninsu a ƙwaƙwalwar sabar, wato babbar kwamfutarsu, kaɗai take riƙe saƙonnin mutane. Ana kashewa, sun tafi ke nan. Ciki har da saƙon muryar da mahaifiyarta ta turo ana gobe za ta rasu, wanda har yau ta kasa buɗewa.

Ta danna maɓallin. Fitilun sabar suka mutu. Ko gezau ba ta yi ba.

Sai ga abokin aikinta a guje. "Mun makara! Masu kutse sun riga mu, sun kwashe komai!"

Oga ya dafe kai yana salati.

Ita kuwa ta juyo a hankali. "Har saƙonnin murya?"

"Har su."

"To, ta ina ake samun mutanen nan?"