Ɗaki Mai Araha a Nima

Wahab tela ne a Kasuwar Makola da ke Accra, amma yana haya can bayan Kasoa, inda ɗaki ke da sauƙi, hanya kuma ke cin rai. Tun kafin gari ya waye yake bin layin torotoro, wato motar haya, ba ya dawowa sai kowa ya ci tuwo ya wanke hannu. 'Yarsa Zalia ba ta ganinsa ido biyu sai ran Lahadi. Ranar da ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ɓuya a bayan uwarta kamar ta ga baƙo, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce ko ta halin ƙaƙa sai ya samu ɗaki a cikin gari.

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Accra ya san ba wasa ba ne. Na kusa ya fi ƙarfin aljihu, mai sauƙi kuma yana bangon duniya.

Ana nan sai ga Rahim, wani mai zaƙin baki da ke kawo masa ɗinki.

"Cale, abokina, akwai ɗaki a gidanmu na Nima, kusa da Kawukudi," in ji Rahim. "Mota ɗaya ka kai Makola. Kuɗi kamar na Kasoa, ka dai biya shekara biyu gaba. Amma yi sauri, mutane na bi na sosai paa."

Ya kai shi da rana tsaka, lokacin da ba kowa a gidan sai kaji. Ɗakin fes, ga taga, ga famfo a tsakar gida. Sai dai jikin ƙofar duk tabo ne, an kafa kwaɗo an ɓalle, an sake kafawa an sake ɓallewa, har katakon ya tsage. Wahab, mutumin da ke hango karkataccen zare daga nesa, ya dubi ƙofar nan bai ga komai ba.

Da ya koma gida matarsa Zenabu ta tambaye shi, "Baban Zalia, ka gaida manya na gidan? Ka kai goro?"

Haka ake yi a Zango, unguwannin Musulmi irin su Nima. Kafin ka shigar da ko tabarma gidan haya, sai ka nemi babban gidan da ɗan goronka, ka gaishe shi, ka ji tarihin ɗakin daga bakinsa.

"In na tsaya gaishe-gaishe wani zai riga ni," in ji Wahab. "Mai gida da kansa ya ba ni mabuɗi."

Ranar da suka tare, wata tsohuwa mai suna Mma Fatu ta tsaya tana kallon kayansu.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan ɗaki?"

"Rahim, Mma."

"Rahim shi kaɗai? Fu'ad ya sani?"

Wahab na ɗauke da kan keken ɗinki, nauyi ya ishe shi. Ya ce zai zo su yi magana, ya wuce. Bai zo ba.

Da ya zauna ya saurare ta, da ya ji cewa ɗakin na mahaifiyar su Rahim ne, shi da ƙaninsa Fu'ad. Tun da ta rasu ba a raba gado ba, kowa ya kafa kwaɗo sai ɗayan ya ɓalle. Fu'ad ya yi tafiya, amma kafin ya tafi ya rantse a gaban jama'a cewa duk wanda ya tarar a ɗakin uwarsa sai ya ga jininsa.

Daɗin bai yi wata ba. Wata Lahadi da hantsi Wahab na zaune da Zalia a cinya, sai ga Fu'ad da samarin majalisarsa, wannan da gora, wancan da ƙarfe, shi kansa da adda.

"Wane ne kai a ɗakin mamana?"

"Haya na kama, ɗan'uwa. Rahim ne ya..."

Bai ƙarasa ba gora ta sauka a bakinsa. Suka fara watso kaya waje, katifa, tukwane, har keken ɗinkin suka ɗaga suka maka da ƙasa. Wani ya hankaɗe Zenabu, kanta ya bugi bakin famfo, jini ya wanke mata fuska. Wahab ya tura Zalia cikin ɗaki, ya ja ƙofa zai rufe, hannunsa na dama a kan katakon nan mai tabo. Nan addar Fu'ad ta same shi.

Mma Fatu ce ta cire mayafinta ta ɗaure hannun, tana kuka tana kiran maƙwabta. A asibiti aka ce yatsu uku sun tafi. An kama Fu'ad, Rahim kuwa ya yi layar zana da kuɗin hayar, har yau ba labarinsa.

Sun koma bayan Kasoa, ɗakin yayar Zenabu. Yanzu Wahab ba ya bin layin torotoro. Zalia na ganin babanta daga safe har dare, ita ce ma ke saka masa maɓallin riga.

Mai karatu, nisa na da wahala, tsada ma haka, amma kada su rufe maka ido. Kafin ka kama ɗaki ka gaida manyan gidan, ka tambayi maƙwabta, ka tabbatar wanda ya miƙo maka mabuɗi shi ne mai ikon bayarwa.