Saniya a Cikin Badujala

Desmond Ackroyd yana durƙushe a bayan dandamali, yana cusa rigar sanyinsa a bakin ƙahon tsoho Wilf, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Ƙahon shi ne mafi girma a badujalar garinmu, Thornclough, sai an rungume shi ake busawa. Rigar ta ƙi yin nisa, kamar ta tarar da wani abu a ciki. Desmond ya danna ta da gwiwar hannu, ya miƙe ya gyara kwala.

Kada a ga laifinsa da yawa. Shi ne madugu, mai riƙe da sandar jagorantar masu busa, kuma tun da aka rufe ramin kwal, matarsa kuma ta rasu, ba shi da kowa sai badujalar nan. In suka sake zuwa na ƙarshe a gasar yanki bana, za a sauke su zuwa ajin ƙasa, su riƙa karawa da 'yan makaranta. Desmond ya gwammace a binne shi da ransa.

A gasar nan alƙali ba ya ganin kowa. Rumfar labule ake kafa masa a tsakiyar zaure, a shigar da shi da shayinsa, a zuge. In ya shirya ya busa usur, masu busa su fara. Alƙalai sun sha canzawa, amma hukuncinsu a kanmu ɗaya ne: busa ta yi kyau, sai dai can ƙasa-ƙasa akwai wata saniya da ke kuka.

Shi Desmond bai taɓa jin saniyar da kunnensa ba, don in kiɗa ya kama shi rufe ido yake yi ya lula wata duniya. Amma a ganinsa abin ba ya bukatar bincike, murya mai kauri ai daga ƙaho mai kauri take fitowa. Shi ma Wilf bai taɓa musu ba. Duk shekara in an sha kaye sai ya cire hula, ya ce a yi haƙuri, tsufa ne. Sau ɗaya tak suka taɓa zuwa na biyu, shekarar da mura ta shaƙe Desmond har ko gaisuwa ba ya iyawa, kuma har gobe yana cewa ladan wahalar da ya sha ne.

Da aka kira lambarsu, Maureen Firth mai ƙaramin ƙaho ta tare shi a bakin matakala da abin da ta saba duk shekara.

"Madugu, ga alewa mai danƙo, don sa'a."

"Maureen, kin fi kowa sanin haƙoran nan na kanti ne."

"To ba sai ka tauna ba. Ka cika baki da ita kawai, har mu gama."

Ya duba bayanta, sai ya ga mai ganga ma da tasa alewar a hannu, haka na bayansa, har ƙarshen layi. Ya ce musu gasa suka zo, ba bikin yara ba, ya haye sama.

Usur ya yi ƙara. Desmond ya ɗaga sanda, ya saci kallon Wilf. Tsohon ya cika kumatu, yatsunsa suna ta aiki, amma ko tari ba ya fitowa daga ƙahon. Wani daɗi ya rufe Desmond. Ya lumshe ido, ya saki jiki, ya ba kiɗan duk abin da ke ƙirjinsa, irin yadda bai taɓa yi ba. Bai ga Maureen tana busa tana hawaye ba.

Da yamma aka zuge labule. Alƙali ya fito yana sosa kunne, ya tambaya ko an bar ƙofar zauren a buɗe ne ta wajen kasuwar dabbobi. Ya ce ya ji labarin saniyar Thornclough wajen abokan aikinsa, amma ba wanda ya gaya masa naƙuda take yi. Badujalarmu ta sake zuwa ta ƙarshe.

Desmond bai jira an fita ba. Ya zare rigarsa daga ƙahon a gaban kowa, ya ce mutumin da zai iya kukan shanu ta cikin ulu ya wuce gyara, don haka daga yau Wilf ya bar kujerarsa a badujala. Kujerar da ya gada daga ubansa ke nan. Maureen ta buɗe baki za ta yi magana, Wilf ya girgiza mata kai.

"Ba komai, Madugu," in ji shi. "Kai dai ka riƙe sandarka."

Ya rungumi ƙahonsa ya nufi tashar jirgin ƙasa shi kaɗai, ga ruwa ana yayyafi. Ranar kowa ya ji kunyar kansa.

Sauran suka shiga bas ɗin da zai mai da su gida. Desmond ya zauna a kujerar gaba, zuciyarsa a dagule, amma aƙalla ya raba badujala da annoba. Ya jingina kai, ya shiga bin waƙar gasar a ransa tun daga farko, yana kaɗa yatsa.

Ba su yi nisa ba direba ya ci burki, ya tsayar da motar a gefen titi. Ya ce shi kam ba zai ƙara gaba ba, akwai wani gurnani da ke tashi daga gaban motar, kuma bai taɓa jin inji ya yi irinsa ba. Ya ɗauko akwatin sifana zai fita.

Maureen ta taso daga baya tana ɓare alewa.

"Koma ka zauna, direba, injinka lafiya lau," ta ce a hankali. "Wilf ma tun da likita ya hana shi busa ya toshe ƙahonsa da tsofaffin safa, kumatu kawai yake cikawa. Saniyarmu ce, ga ta nan kusa da kai, ta rufe ido tana rera waƙa."